Yadda Ake Haɗa Wa Tsofaffi Haƙoran Roba

Yau zancenmu a kan tsofaffinmu ne, watau a kan haƙoran roba na baki duka, sama da ƙasa, irin waɗanda akan yi wa wanda haƙoransa suka zube ƙaf. Sau da yawa ke ce za ki raka Inna ko surukarki asibiti, ke ce za ki yi mata tafinta gaban likita, ke ce kuma za ki sha mita in an ce a komo mako mai zuwa. To, ya kamata ki san abin da ake yi tsakanin wannan zuwa da wancan, domin akwai rana guda wadda in kika yi shiru a cikinta, tsohuwa za ta yi shekaru tana fama da abin da bai dace da bakinta ba.

Haƙoran roba ba takalmi ba ne da za a shiga kanti a ce a ba ni lamba kaza. Bakin kowa daban yake. Bayan an cire haƙora kuma, dasashi da ƙashin da ke ƙarƙashinsa sukan yi ta motsewa, musamman a watannin farko, shi ya sa likita kan ce a dakata sai wurin ya warke. Mutum biyu ne ke aikin. Akwai likita da ke duba bakin, akwai kuma mai haɗa haƙora a ɗakin aikinsa, wanda galibi ko fuskar tsohuwar ba ya gani. Abin da likita ya aika masa, shi kaɗai ya sani.

Ranar farko likita zai kwaɓa wani gari da ake samu daga ciyawar teku, ya zuba a ɗan tire, ya danna a kan dasashi har ya daskare. Wannan shi ake kai wa mai haɗa haƙora, ya zuba masa farin garin nan irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti. In ya bushe, ga siffar bakin Inna a kan tebur. Amma wannan awon farko bai isa ba. A kansa ake yin wani tire na musamman, daidai bakinta ita kaɗai, a sake awo da shi rana ta biyu. In kika ji ƙanshin kanumfari ran nan kada ki yi mamaki, ɗaya daga cikin abubuwan da ake awon da su akwai man kanumfari a ciki. Daga wannan awo na biyu ake zuba siffa mai ƙwari, wadda sauran aikin duk a kanta za a yi.

Sa'an nan mai haɗa haƙora ya gina ɗan tudu na kaki a kan siffar, a gurbin da haƙora za su zauna. Rana ta uku likita ya sa kakin a baki, ya yi ta ragewa da ƙarawa har ya sami tsayin da ya kamata, ya sa alamar tsakiyar fuska da iyakar leɓe. Wannan tsayi ba abin wasa ba ne. Lokacin da mutum ke zaune bakinsa a sake, haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, akwai tazarar milimita 2 zuwa 4 tsakaninsu. In aka cika tsayi, haƙoran su riƙa ƙwanƙwasa juna in tana magana, muƙamuƙi ya yi ta ciwo. In aka rage da yawa, fuska ta lotsa, gefen baki ya riƙa tara yawu yana tsagewa.

Ran nan ne kuma ake zaɓen launi da girman haƙora. Shawarata ita ce ki nemi tsohon hotonta wanda take murmushi a ciki, ki tafi da shi. In tana da wushirya a da, ki faɗa, ana iya yi mata. Kuma don Allah kada ku zaɓi farare tas kamar tangaran. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana cin goro, in aka ganta da irin waɗannan, kowa ya san na aro ne.

A ɗakin aiki sai a ɗora siffofin biyu a kan wani ƙarfe mai buɗewa da rufewa kamar muƙamuƙi, a shiga dasa haƙora ɗaya bayan ɗaya cikin kaki. Babban mutum haƙoransa 32 ne, amma na roba galibi 28 ake jerawa, 14 sama, 14 ƙasa, a bar turamen ƙarshe guda huɗu.

To, rana ta huɗu ita ce wadda na ce kada ki yi shiru. Za a sa mata haƙoran tun suna cikin kaki, don gwaji. Kaki kuwa in aka ɗumama shi yana motsawa, saboda haka duk abin da bai yi ba ana iya gyarawa cikin sauƙi. Ki ba ta madubi. Ki tsaya gabanta ki duba ko tsakiyar haƙoran ya yi daidai da tsakiyar fuska, ko leɓen sama ya turo gaba da yawa. Ki sa ta ta ƙirga daga sittin zuwa saba'in da ƙarfi, ki saurara ko tana fito, ko haƙoran suna karo. Kun dai san halin iyayenmu, kunya ba za ta bari ta ce wa likita abu bai yi ba, sai dai ta ce, “Ya yi, Allah ya saka da alheri,” ta dawo gida ta ƙulle su a ƙyalle ta jefa cikin kwalla. Ki tambaye ta a hankali, ke ki faɗa wa likita. Gara a sake gwaji sau biyu, domin daga wannan rana kakin zai zama roba mai tauri, ita kuwa sai ɗan karta da goga, ba a sake jera ta.

Yadda kakin ke zama roba abin sha'awa ne, kusan dabarar da maƙeran tagulla na Benin ke yin zubi da ita. Akan binne haƙoran da kakinsu cikin farin garin nan a wani ɗan akwati na ƙarfe mai rabi biyu. In ya daskare sai a sa a tafasasshen ruwa, kakin ya narke, a buɗe a wanke shi tas. Haƙoran na nan maƙale a wurarensu, inda kakin yake kuma ya zama gurbi. Sai a kwaɓa garin roba da ruwansa har ya yi kamar ƙullin alkama, a cusa a gurbin, a matse akwatin, a dafa a ruwa mai zafin digiri 74 wajen awa takwas. Garaje a nan ɓarna ne. In aka cika wuta robar ta yi ƙananan ramuka a ciki, in aka fitar da ita da zafinta ta karkace. Bayan ta huce a fasa garin, a datse gefuna, a goge sai ta yi santsi. Irin wannan roba an fara amfani da ita wajen shekarar 1937. A yau wasu wurare kwamfuta ke awo, inji ya sassaƙa, amma aikin hannu har yanzu shi ya fi yawa.

Rana ta biyar a sa mata. Na sama yakan kama ganɗa ya zauna, na ƙasa shi ne mai gardama, domin harshe na ture shi, sai ta yi makonni tana koyo. Ta fara da abinci mai laushi, ta cire su da dare ta sa a ruwan sanyi, kada ruwan zafi. In wani wuri yana cin dasashi a koma asibiti, kada kowa ya sa wuƙa ko reza.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan sana'a ce da ake karantawa, tana da hukumar rajista a Nijeriya tun 1987. Yarinyar da ta iya zanen lalle da saƙar hula ta riga ta sami hannun, saura ta dage da darasin kimiyya.