Yadda kwanciyar rub-da-ciki ke ƙarfafa wuyan jariri

Jariri kan zo duniya da wasu motsi waɗanda babu wanda ya koya masa su. Idan aka shafi kumatunsa, zai juyo da baki yana neman nono. Idan aka sa masa yatsa a tafin hannu, zai damƙe. Idan kuma ya ji ƙara mai ƙarfi, ko ya ji kamar zai suɓuce, sai ya watsa hannuwansa biyu, sannan ya tattaro su.

Wannan firgita takan tayar wa masu jego hankali, har wasu su ɗauka shafar iska ce. Likitoci kuwa suna ɗaukar ta alamar cewa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na aiki yadda ya kamata. Takan gushe da kanta tsakanin wata 3 zuwa 6, damƙar yatsa kuma wajen wata 5 zuwa 6.

Abin da ke buƙatar taimakon iyaye shi ne ƙarfin wuya da kafaɗu da baya, domin da su ne yaro zai riƙe kansa, ya birkice, ya zauna, sannan ya yi rarrafe.

A ƙa'idojin da ta fitar a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa kwantar da jaririn da bai fara rarrafe ba rub-da-ciki na aƙalla minti 30 a yini, a rarrabe, yana farke. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ana iya farawa tun kwanakin farko, da minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana.

Uwa na iya kishingiɗa ta ɗora shi a ƙirjinta, ko ta shimfiɗa zane mai tsafta a kan tabarma, ta zauna gabansa tana yi masa magana. Ƙoƙarin ɗago kai domin ya ga fuskarta shi ne motsa jikin. Kada a yi haka da zarar ya gama shan nono, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Idan barci ya ɗauke shi, a mayar da shi rigingine, domin barci a kife na ƙara haɗarin mutuwar fuju'a ga jarirai.

Goyo na da amfani, amma hukumar ta ce kada a ɗaure yaro a baya ko a keken jarirai fiye da awa ɗaya a jere. A riƙa tallafe masa kai har wuyansa ya yi ƙwari, wanda yakan kai wajen wata 4. A guji cilla shi sama bayan wanka, ko girgiza shi, ko tilasta masa zama kafin lokaci.

A gaggauta kai jariri asibiti idan hannu ɗaya kawai yake watsawa yayin firgita, domin yana iya zama karaya ko raunin jijiya daga haihuwa. Haka nan idan jikinsa ya yi laƙwas ko ya sandare, ko ya ƙi kama nono, ko ya wuce wata 4 bai riƙe kai ba. Gano matsala da wuri na sauƙaƙa maganinta.