Goro da Barci: Abin da Ke Faruwa a Bakin Ƙofa

 Ya 'yan'uwa malamai da fatake, maganarmu ta yau a kan goro ce, abincin fada da zaure, abokin mai tilawar dare da mai tsaron rumfa.

Zazzau ba baƙuwar goro ba ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, Sarkin Nupe ya aiko wa Sarauniya Amina goro 10,000, watau ƙwarya ɗari a lissafin 'yan kasuwa. Daga baya ayari ya yi ta zuwa Gwanja, yanzu kuwa motoci ke ɗauko huhu daga Shagamu. Kowa a cikin birni, daga Kwarbai har Ƙofar Doka, ya san goro yana korar barci. Amma ta wace hanya?

Ku sani, jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowace da katangarta kamar ganuwa, a jikin katangar kuwa akwai ƙofofi masu kwado. Saƙo ba ya shiga sai da makullinsa. Kuɗin da ƙwayoyin nan ke kashewa wajen aiki wani sinadari ne da likitoci ke ce wa ATP. Idan aka kashe shi, saura yakan rage, sunansa adinosin. Su biyun 'yan gida ɗaya ne, dangin da ake kira fiyurin.

A 1929 masana biyu a Kambirij ta Ingila, Drury da Szent-Györgyi, suka gano adinosin yana rage gudun zuciya. A 1972 Geoffrey Burnstock ya ce ATP ba kuɗi kaɗai ba ne, manzo ne kuma tsakanin jijiyoyi. An daɗe ana musunsa, sa'an nan gaskiyarsa ta bayyana. A 1978 ya raba ƙofofin gida biyu: P1 na adinosin, P2 na ATP da 'yan'uwansa. Yau an san ƙofofin adinosin iri huɗu ne, A1, A2A, A2B da A3, na P2 kuwa iri 15.

To, ga yadda barci ke zuwa. Muddin mutum yana farke, adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa kamar ƙura a kan allo. Ya shiga kwadon A1, jijiyoyin farkawa su yi sanyi. Ya shiga na A2A, masu jawo barci su motsa. Sai hamma, sai gyangyaɗi. In an yi barci, sai tarin ya ragu, mutum ya tashi sakayau.

Shi kuwa goro, a cikinsa akwai kafeyin, wajen kashi biyu cikin ɗari, irin wanda ke cikin gahawa da shayi. Shi ma ɗan gidan fiyurin ne, don haka ya yi kama da adinosin. Yakan shiga kwadon ya zauna, bai buɗe ba, bai kuma bar makullin gaskiya ya shiga ba. Manzon gajiya yana tsaye a bakin zaure yana sallama, ba mai amsawa. Ku lura: goro bai ɗauke gajiya ba, labarinta kawai ya tare. Bashi yana nan, mai bi yana jira.

Daga nan hukunci uku suke fita. Na farko, hanta takan ɗauki wajen sa'a biyar kafin ta kawar da rabin kafeyin. Wanda ya ci goro bayan Magariba, rabinsa na tare da shi har tsakar dare, barcinsa ba zai yi nauyi ba. Alhali a cikin barci ƙwaƙwalwa ke kafe abin da aka karanta. Gardin da ya sayar da barcinsa don ƙarin tilawa yana zuba hadda a ƙwarya mai huji.

Na biyu, wanda ya lazimci goro, jiki yakan saba, har ɓari ɗaya ya daina isarsa. Ranar da ya rasa, adinosin ya tarar da ƙofofi a sake, jijiyoyin jinin kai su buɗe, kai ya yi ta sara. Wannan yana cikin dalilan ciwon kan kwanakin farko na azumi. Mai hikima tun cikin Sha'aban yake ragewa kaɗan-kaɗan.

Na uku, direban da ya kwana biyu a hanyar Kurmi yana tauna goro, ya sani bashin yakan faɗo masa ba sallama, alhali rayukan mutane na hannunsa. Mai bugun zuciya, da mai hawan jini, da mace mai ciki, su taƙaita, su nemi shawarar likita.

Ilmin ƙofofin nan ya haifi magunguna. Da allurar adinosin ake tsayar da wani irin gudun zuciya. Kafeyin kansa ana ba jariri bakwaini don kada numfashinsa ya riƙa tsayawa. Maganin nan Clopidogrel kuwa ƙofar P2Y12 yake rufewa don kada jini ya daskare a jijiya. Abu ɗaya, da awo magani ne, ba awo cuta.

Saboda haka a ci goro da hantsi, a ba baƙo, a raba wajen ɗaurin aure da suna, amma a bar wa dare haƙƙinsa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani da lafiyar aiki da shi, amin.