Kana Gida, Kwamfutar Biro na Bin Umarninka: Amma Wa Kuma ke Riƙe da Makullin?

A Maraɗi, Damagaram da Yamai, ƴan kasuwa da ma'aikatan ƙungiyoyi da dama sun saba da abin da a da sai a fim ake gani: mutum na zaune tsakar gida da ƙaramar kwamfuta da modem mai layin waya, amma allon da ke gabansa na kwamfutar biro ne. Yana buɗe lissafin kanti, yana gyara takarda, yana ma iya tura ta injin bugawa da ke can biro. Ƴan ƙasar da ke ci-rani a Aljeriya, Saudiyya ko Faransa ma ta wannan hanya wasunsu ke leƙa littafin shagon da suka bari hannun ƙani.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Takardu da manhajoji suna nan cikin kwamfutar biro, ba sa motsawa. Abin da ke tafiya a kan intanet shi ne hoton allo daga biro zuwa gida, sai kuma duk abin da ka danna daga gida zuwa biro. Shi ya sa tsohuwar kwamfuta mara ƙarfi, ko ma wayar hannu, ke iya juya babbar na'ura daga nesa.

Abin ya girmi yawancin masu karanta wannan shafi. Tun shekarun 1980 akwai manhajar pcAnywhere, wadda daga baya ta koma hannun kamfanin Symantec na Amurka. A wancan zamani kwamfutar gida ce ke buga lambar wayar tangarahon biro, modem ɗin can ya ɗauka, su yi ta ƙara kamar ana gasar tsuwa kafin su fahimci juna. Tsakanin modem biyu na layin waya, gudun bai wuce kilobit 33.6 a daƙiƙa ba, wato fayil mai megabait ɗaya sai ya ci wajen minti huɗu. Muddin ana aikin kuma, layin ya toshe, mai kiran biro sai dai ya haƙura. A 2001 Microsoft ya saka irin wannan damar cikin Windows XP Professional. TeamViewer ta fito a Jamus a 2005, AnyDesk ta biyo baya a 2014, ita ma daga Jamus.

Waɗannan biyun na ƙarshe su suka fi karɓuwa a nan, kuma da dalili. Modem ɗin da ke aiki da layin Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecoms galibi ba ya samun adireshin intanet nasa na kansa, dubban masu layi ne ke fita ta adireshi guda. Don haka kwamfutar gida ba ta iya ƙwanƙwasa ƙofar ta biro kai tsaye. AnyDesk da TeamViewer sun warware wannan ta hanyar sanya kwamfutocin biyu su haɗu a na'urorin kamfanin, kamar mutum biyu da ba su san gidan juna ba amma suka yi alƙawari a tasha. Sai dai a lura: kyautar da suke bayarwa ta amfanin kai ce, aikin kasuwanci sai da lasisi, kuma TeamViewer kan yanke haɗin idan ta yi zargin kasuwanci ake yi da ita.

Mutane sun fi damuwa da rezo da forfe na gida, alhali inda abin ya fi karyewa shi ne can biro. Kwamfutar da ake juyawa dole ta kwana a kunne, modem ɗinta ma haka. Kuran ya ɗauke na minti ɗaya, ta mutu, kuma ba za ta tashi ba sai wani ya zo ya danna maɓalli. Wanda ya zauna a Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa ƙasar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake amfani da shi, ba ya buƙatar dogon bayani. Ko a shekarar da babu takunkumi, zafin Afrilu da Mayu ya isa. Magani mai sauƙi shi ne a haɗa kwamfutar da modem a kan akwatin batir mai riƙe wuta, sannan mai gyara ya shiga saitin BIOS ya umarce ta da ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo. Yawancin kwamfutocin tebur na da wannan saiti, amma kaɗan ne ke taɓa shi. Abin da batir ba ya magancewa shi ne katse intanet ɗin kansa, kamar yadda aka yi wa na wayoyin hannu na kusan kwana goma bayan zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021.

Babban batun dai shi ne makulli. Ƙofar da ka bar wa kanka a buɗe, ba ta san fuskarka ba, lambar sirri kawai ta sani. A biro da yawa lambar ɗaya ce tsawon shekaru, mai gyaran da ya saka manhajar ya san ta, sakataren da ya bar aiki bara ya san ta, wani lokaci tana rubuce a takarda manne jikin allo. Duk wanda ya shiga da ita yana ganin albashin ma'aikata, sunayen masu bashi da asusun banki, cikin dare, ba tare da ya fasa ƙofa ba. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, amma mai shago da bai san an shiga ba, ƙarar wa zai kai?

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A Janairun 2012 Symantec da kansa ya shawarci jama'a su dakatar da pcAnywhere bayan sirrin rubutun manhajar ya faɗa hannun masu kutse. A 2021 an shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun shiga daga nesa da ba a rufe ba, mai kalmar sirri ɗaya tak, har mai ya yi ƙaranci a gabashin ƙasar. A Fabrairun 2024 AnyDesk ta sanar cewa an kutsa na'urorinta, ta kuma soke kalmomin sirrin shafinta.

Akwai kuma zambar da ta fi kusa da talaka: wani ya kira, ya ce daga banki ko kamfanin waya yake, ya ce ka sauke AnyDesk ka karanto masa lambar da ta fito don ya "gyara" maka asusu. Da ka amince, allonka ya zama nasa. Babban bankin Indiya ya yi gargaɗi kan wannan salo tun 2019. Ƴan ci-rani masu aiko da kuɗi gida ta waya su ne irin waɗanda ake fako.

A ganina, biron da ke son wannan sauƙi ya fara da tambayar mutum nawa ne suka san lambar, ya canza ta duk ranar da ɗayansu ya bar aiki, ya kunna tabbaci na biyu da ke aiko lamba a wayar mai shi. AnyDesk na da jerin izini inda ake rubuta na'urorin da kawai aka yarda su shigo, saura kuwa ko sun san lambar ba za su samu hanya ba. Idan mai gyara ne ke buƙatar shiga, a ba shi izinin lokaci ɗaya, wani na zaune gaban allon yana kallo, a rufe bayan ya gama.