Na'urar da ta raba gudun sauti da kaurinsa

Duk wanda ya taɓa sauraron kaset a rediyon da batirinsa ya yi sanyi ya san yadda abin yake: tef na rage gudu, muryar mawaƙi sai ta yi kauri, yana ƙara gudu, sai ta sirance. Shekara da shekaru wannan doka ta ɗaure hannun masu ɗaukar sauti a situdiyo.

A 1971 kamfanin Lexicon na Amurka ya fitar da Delta T-101, na'urar da ke mayar da sauti lambobi, ta riƙe shi na ɗan ƙiftawar ido, sannan ta sake shi. Jinkiri kawai take yi. To amma da zarar sauti ya zama lambobi a ajiye, ana iya karanto shi da gudun da ya saɓa wa wanda aka rubuta shi. Kan wannan dabara Tony Agnello ya ƙera wa kamfanin Eventide na'urar H910 Harmonizer, wadda ta shiga kasuwa a 1975. Tana ɗaga sauti ko ta sauke shi, tsawon waƙa kuwa yana nan yadda yake.

Ta yaya? Idan za ta ɗaga, tana karantawa da sauri, abin karantawa ya ƙare mata, sai ta koma baya ta maimaita guntu. Idan za ta sauke, sai ta riƙa tsallake guntaye. Kowane wurin haɗi yakan bar wata 'yar kakkarwa da kunne ke kamawa. Maƙeranta sun ɗauke ta aibi, har suka yi ƙoƙarin rage ta a na'urar da ta biyo bayanta, H949. Ni kuwa a nan nake jin daɗinta.

A saurari faifan Low na David Bowie, na 1977. Furodusa Tony Visconti ya bi da gangar Dennis Davis ta cikin H910, ya saita ta ƙasa, yana sake mayar mata da abin da ya fito. Kowane bugu sai ya faɗo da kaushi, yana nitsewa ƙasa, sautin da fatar ganga ita kaɗai ba za ta bayar ba. Takwarorin Visconti sun yi ta tambayar yadda aka yi.

A Ingila, kamfanin AMS na garin Burnley ya fitar da tasa na'urar jinkirin, DMX 15-80, a 1978, kuma furodusa Martin Hannett ya yi aiki da ita a waƙoƙin ƙungiyar Joy Division. Yau Eventide da kansa yana sayar da H910 a matsayin manhajar kwamfuta, an kwaikwayo ta har da kakkarwar da a da ake neman kawarwa.