Makullan Motoci a Hannun Dillalai: Wa Ke Ƙirga Su?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya shiga harabar babban kamfanin sayar da motoci, abin da zai fara gani shi ne doguwar katanga da fitilu da masu gadi a bakin ƙofa. Amma masu binciken tsaro idan sun zo, sukan wuce waɗannan duka su nufi ofis, su ce a nuna musu inda ake ajiye makullai. Dalilinsu kuwa shi ne, motar zamani da wuya ta tashi ba tare da makullinta ba, saboda haka wanda ya riƙe makulli tamkar ya riƙe motar ne.

A da, zamanin motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, makulli guntun ƙarfe ne kawai, ɓarawo kan haɗa wayoyi biyu ya ta da inji. Daga baya aka ƙirƙiro na'urar da ke hana inji tashi sai ta gane ƙwayar lantarkin da ke cikin makulli. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta sa ta a sababbin motoci a 1998, Ostareliya a 2001, Kanada kuma a 2007. Tun daga nan ɓarayi da yawa suka mai da hankalinsu kan makullin kansa, kuma babu inda makullai suka taru wuri ɗaya kamar wurin dillali.

Alal misali, a daren 31 ga Mayu, 2020, lokacin tarzomar da ta ɓarke a biranen Amurka, wasu mutane sun fasa wani kamfanin motoci a garin San Leandro na Jihar Kalifoniya. Da suka kai ga ma'ajiyar makullai, sai suka yi awon gaba da motoci fiye da 70 a dare ɗaya.

To, amma ba kullum ne ake fashi irin wannan ba. Galibi makulli yakan salwanta ne da rana tsaka, cikin hidimar yau da kullum. A wuni ɗaya makullin mota guda yana iya bi ta hannun mai talla, da mai wankin mota, da makanike, da direban da zai gyara mata tsayuwa, da baƙon da ya ce zai gwada ta. Akwai ma dabarar da aka sani, inda mutum zai zo a matsayin mai saye, ya karɓi makulli yana dubawa, ya musanya shi da wani mai kama da shi, in dare ya yi ya dawo ya ɗauke motar.

Don haka tsari na gari yakan tanadi rajista, wadda duk mai ɗaukar makulli zai rubuta sunansa da lokaci da dalili, ya kuma sa hannu idan ya mayar. Akan rataya wa kowane makulli lambar sirri maimakon sunan mota ko lambarta, domin ko ya faɗi, wanda ya tsinta kada ya san motar da zai nufa. Makulli na biyu kuwa akan kulle shi a wani akwatin ƙarfe dabam, a hannun manaja. Manyan kamfanoni a yanzu suna amfani da akwati mai kwamfuta, wanda ba ya buɗewa sai da lambar ma'aikaci ko zanen yatsansa, kuma shi da kansa yake rubuta wanda ya ɗauki makulli da lokacin da ya ɗauka.

Sai dai kuma tsari a takarda dabam, aiki da shi dabam. Ma'aikaci yakan ara wa abokinsa lambarsa don sauri, manaja yakan bar makulli a aljihun tebur, wanda aka sallama tun bara kuma ana iya tarar da sunansa har yanzu a cikin na'ura. Gano irin wannan sakaci shi ne aikin mai bincike, wato odita.

Sharaɗi na farko shi ne ya zo ba tare da sanarwa ba, na biyu kuma ya kasance ba ya cikin masu riƙe makullai. Da isowarsa sai ya haɗa abubuwa uku, wato mota da makullanta da takardunta. Yakan ɗauki littafi ya fita fili ya nemo kowace mota da ke rubuce, sa'an nan ya juya, ya ɗauki lambar kowace motar da ke tsaye ya nemo ta a littafi. Abin da yake dogara da shi shi ne lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda Amurka ta daidaita tsarinta a 1981. Bayan haka sai ya duba ko an taɓa buɗe akwati bayan tashi daga aiki, da abin da ke faruwa da shi idan an ɗauke wuta, da kuma wanda ke riƙe da na'urar da makanikai ke haɗa sabon makulli da ita. Idan makullai na irin motocin da ke buɗewa da kansu ne in an matso kusa, yakan tabbatar an ajiye su nesa da taga, cikin akwatin ƙarfe, domin akwai na'urar da ke janyo saƙonsu daga waje.

Har ila yau, wannan ƙirga tana tona asirin ɓarawon gida. Dillalai da yawa da bashi suke sayo motoci, bisa sharaɗin biya da zarar an sayar da kowace mota, shi ya sa masu ba da bashin kan aiko da oditocinsu. A 2018 binciken kamfanin Ford Motor Credit ya gano cewa kamfanin Reagor-Dykes na garin Lubbock a Jihar Teksas ya sayar da motoci masu yawa bai biya ba, kuɗin da ya haura dala miliyan 40. Daga bisani ma'aikata da dama suka amsa laifi a gaban kotu, har da na ƙirƙiro takardun ƙarya don yaudarar masu bincike. Wato da ma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wannan ya nuna dalilin da ya sa odita ba zai tsaya ga takarda kaɗai ba.

Wannan darasi ya shafi ma'aikatun gwamnati ma, inda ake da motocin aiki da direbobi da yawa. Ya kamata kowane jami'in sufuri ya iya faɗin inda makulli na biyu na kowace mota yake, ya kuma nuna shi idan an tambaya. Shi kuma ma'aikacin da ya tara kuɗinsa ko ya ci bashi don sayen mota, ya nemi a ba shi makullan duka kafin ya biya. In an ce ɗaya ya ɓata, to, ya sa a goge wancan daga kwamfutar motar tun tana harabar dillali.