Darasin Sana'a a Jami'a: Kasuwa Ma Makaranta Ce

A shekarar 2006 ne Gwamnatin Tarayya ta umarci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da ta wajabta wa kowane ɗalibi darasin kafa sana'a da dogaro da kai, aka kuwa soma a zangon karatu na 2007/2008. Dalili a fili yake, watau kowace shekara jami'o'i suna yaye dubban samari da 'yan mata, alhali kuwa kujerun ofis ba su isa kowa ba.

To, amma yadda ake koyar da darasin shi ne abin dubawa. A wurare da dama akan tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, a karanta musu littafin da aka rubuta domin Amurka ko Ingila, inda wutar lantarki ba ta cika yankewa ba. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya fito bai san yadda ake fid da riba a buhun masara ba, balle yadda zai karɓo bashi daga hannun surukinsa.

Ga shi kuwa ilmin ciniki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kasuwar Kurmi ta Kano tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya tashi kafin ya shahara a cinikin gyaɗa. Har gobe a Kantin Kwari yaro yakan yi shekaru a hannun maigidansa yana koyon kaya da halin mutane, sa'an nan a sallame shi da jari. Haka kuma 'yan kabilar Ibo suke yi a Anacha da Aba.

A watan Disamba na 2022 hukumar ta fito da sabuwar manhaja, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara daidai da bukatun yankinta. Ba shakka wannan dama ce. Ɗalibin Kano ya kamata a kai shi kasuwar hatsi ta Dawanau, ya kuma ga tumatir ɗin Kadawa da ke ruɓewa lokacin kaka. Na Sakkwato ya bi fatar jar akuya daga mahauta zuwa majema, na Maiduguri ya san bandar kifin Tafkin Chadi.

Abin da jami'a za ta ƙara shi ne abin da kasuwa ta rasa: ajiye lissafi a rubuce, rajistar kamfani, da dabarun adana kaya. Lalle ne kuma a gayyato dillalai da masu adashi su shiga aji su yi bayani. In an zo jarrabawa, a ba ɗalibi ɗan jari a farkon zango, a duba littafin cinikinsa a ƙarshe. Wanda ya faɗi ma ya koyi abin da zaure ba zai koya masa ba.