Kyanwar da Ta Daina Gyara Jikinta: Ƙiba ce ko Ciwo?

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Ɗambatta da Makoɗa zuwa Bichi, Kunci da Tsanyawa, gona na manne da gona, kuma kusan kowane gida da rumbunsa. Inda hatsi ya taru kuwa, ɓera ba ya nisa. Shi ya sa kyanwa a wannan yanki ma'aikaciya ce, ita ke gadin gero da dawa da gyaɗa tun daga kaka har faɗuwar damina. Amfaninta ya wuce tsaron abinci. Wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida. Duk da haka, da wuya ka ga an kai kyanwa wurin malamin dabbobi yadda ake kai akuya ko sa.

Yawancin magunan ƙauye sirara ne, don yawo da farauta ba sa barin su tara kitse. Mai ƙiba a gidan mahauci ake samunta, ko gindin teburin mai shayi, ko wajen masunta a bakin madatsar Thomas da ta Watari, ko a ɗakin tsohuwar da ke raba tuwonta da ita. Irin wannan sai ta bar farauta, ta koma kyanwar Lami, ci da barci kawai. Mutanen gida kuma su yi ta yabawa, wai ta samu wurin zama. Alhali baligar kyanwa mai matsakaicin jiki kilo 3 zuwa 4 da rabi take yi, kuma likitocin dabbobi na ɗaukar wadda ta haura nauyin da ya dace da ita da kashi 20 cikin 100 a matsayin mai ƙibar da ta zama cuta. Gane hakan ba ya buƙatar sikeli. Shafa gefen ƙirjinta: idan sai ka danna kafin ka ji haƙarƙari, kuma ta sama ba ka ganin ƙugu, to kitse ya yi yawa.

Harshe shi ne sabulu da soson kyanwa. Mai lafiya kan ɓata wani babban kaso na lokacin da take a farke tana lasar jikinta. Da zarar teɓa ta taru, ba ta iya lanƙwasawa ta kai bakinta ƙarƙashin wutsiya. Nan sai ragowar kashi da fitsari su manne a gashi, fatar da ta ninku a kewayen gabanta ta riƙe danshi, ta yi ja, ta fara wari da tsattsafar da ruwa. A damina ƙudaje kan yi ƙwai a wurin, cikin kwana ɗaya su ƙyanƙyashe tsutsa. Ƙiba kuma tana jawo ciwon suga da ciwon gaɓɓai da matsalar mafitsara, kowannensu yana ƙara dagula tsabtarta.

Ba kowane ruwa ne iri ɗaya ba

Abu na farko shi ne a ɗaga wutsiya a duba daga ina abin yake fitowa. Idan daga dubura ne, yawanci zawo ne, kuma madara na cikin masu jawo shi, domin akasarin manyan maguna ba sa narkar da ita da kyau. Idan an ga wasu fararen abubuwa masu kama da ƙwayar shinkafa manne a gashi, gutsattsarin tsila ne, wadda take ɗauka daga ƙuma ko daga ɓerayen da take ci. Akwai kuma wasu ƙananan jakunkuna biyu a gefen dubura masu ruwa mai kauri da ɗoyi. Idan suka toshe, sai a ga tana jan gindi a ƙasa. Fitsari kaɗan-kaɗan, da yunƙuri, wani lokaci da jini, alamar ciwon mafitsara ce.

Ruwan da ke fitowa ta gaba shi ya fi buƙatar lura. Kyanwa ba ta jinin al'ada, kuma ko a lokacin da take kukan neman muzuru ba a cika ganin wani ruwa ba. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, bayan haihuwa kuma ana iya ganin ruwa ja mai duhu, marar wari, yana raguwa har zuwa mako uku. In ba wannan ba, duk mugunya ko jini ko ruwa mai wari daga gabanta ciwo ne.

Mafi haɗari shi ne taruwar mugunya a mahaifa. Yakan zo ne 'yan makonni bayan lokacin barbara, sa'ad da bangon mahaifa ya yi kauri, ƙwayoyin cuta suka samu hanyar shiga. Idan bakin mahaifar a buɗe yake, mugunya mai ruwan ɗorawa ko mai jaja-jaja takan zubo, a gan ta a kan tabarma ko buhun da take kwanciya. Idan a rufe yake, ba a ganin komai a waje, sai dai ciki ya yi ta kumbura. A nan ake yin kuskure: wani ya ce ciki gare ta, wani ya ce ƙiba ce, alhali mugunya ce ke taruwa. Alamominta su ne ƙin abinci, kasala, yawan shan ruwa, amai, da ɓuya a lungu. Idan aka yi jinkiri, mahaifar na iya fashewa ko dafin ya shiga jini. Maganin da ya fi tabbas shi ne tiyata a cire mahaifar, domin ƙwayar magani kaɗai ba kasafai take warkar da shi ba.

Taimakon da ke kisa

Maguna da yawa ba ciwon ne ke kashe su ba, maganin gida ne. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Dettol da Izal guba ne gare ta, don duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Haka fiya-fiya, kananzir, baƙin mai, da maganin kaskar shanu ko na karnuka da wasu ke zubawa a kan tsutsa. Allurar tazarar haihuwa ta mata, da wasu ke yi mata don ta daina haihuwa, tana cikin abubuwan da ke jawo mugunyar mahaifa da kumburin nono. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa kuma tana lalata mata jini.

Hana ta abinci gaba ɗaya don ta rame shi ma haɗari ne. Kyanwa mai ƙiba idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse kan taru a hantarta har ta daina aiki. Ramar da ake so a hankali take zuwa, cikin watanni.

Abin da ya kamata a yi

A samu tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a riƙa goge mata ƙarƙashin wutsiya kullum, a tsane wurin sosai. Gashin da ya dunƙule a rage shi da almakashi a tsanake, kada a haɗa da fata. A sauya mata shimfiɗa, a shanya a rana. A rage tuwo, ƙanzo, kitse da madara, a ba ta dafaffen nama ko kifi marar ƙaya kaɗan-kaɗan, da ruwan sha mai kyau, a kuma bar ta ta fita ta yi farautarta. Wanda ya gyara ta ya wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu kuwa ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, domin akwai ƙwayar cuta a cikinsa da ke iya illata ɗan tayi.

Idan an ga mugunya, jini, tsutsa, kumburin ciki, ko ta wuni ta kwana ba ta ci ba, magana ta wuce ta tsumma da ruwan ɗumi. A nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Idan aikin na tiyata ne, akwai asibitin dabbobi na Gwale a cikin birnin Kano, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Wanda ba ya son kyanwarsa ta ci gaba da haihuwa, ya nemi shawarar likita kan cire mahaifa tun tana lafiya, don hakan na kare ta daga wannan ciwo. A yi amfani da damar a yi mata rigakafin ciwon haukan kare da maganin tsutsar ciki.

Addini bai bar mu a duhu ba kan wannan dabba. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ciyarwa haƙƙi ne, kula da lafiya ma haƙƙi ne. Don haka, maigida da uwargida, duk ranar da kuka ga kyanwarku ta daina gyara jikinta, kada ku kore ta da tsintsiya don tana wari. Ku duba ta, in abin ya fi ƙarfinku ku kai ta wurin masani tun da sauran lokaci.